Me ya sa fim ɗin da duniya ke yabo ya sa ni barci?

"Malam, ina da wata damuwa da nake jin nauyin faɗa a gaban abokaina masu son fim. Na sha jin ana cewa Citizen Kane shi ne fim mafi girma da aka taɓa yi. Na nemo shi na kunna a wayata, ban kai rabi ba barci ya kwashe ni. Bayan mako guda na kalli wani sabon fim da masu sharhi suka yi wa kaca-kaca, amma ni sai da na share hawaye. Kwanaki kuma na sake kallon wani fim da nake mutuwar so ina yaro, sai na ji kamar ba shi ba. Shin ni ne ban iya kallo ba, ko masu yabon tsofaffin fina-finai ne suke yaudarar mu?"

Ƙanena, tambayarka uku ce a ƙulli ɗaya: me ya sa tsohon fim mai suna bai taɓa ka ba, me ya sa sabo marar suna ya taɓa ka, kuma me ya sa wanda ya taɓa ka jiya ya kasa yau. Na yi shekaru ina aikin edita, wato zama gaban kwamfuta ana yanka hotunan da aka ɗauko ana jera su har su zama labari, daga baya na koma koyar da masu son shiga sana'ar. A kowane aji sai na sami wanda ya yi mini irin wannan tambaya, yawanci bayan an tashi, cikin ƙasa da murya. Don haka ka sauke nauyin nan. Barcin da ka yi gaskiya ne, hawayen ma gaskiya ne, kuma babu wanda ya yaudare ka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, abin da mutum yake ji in yana kallo ba a cikin fim ɗin yake zaune ba kamar ruwa a tulu, wanda duk wanda ya zo zai ɗiba iri ɗaya. Ana haifar sa ne a lokacin da fim ya haɗu da mai kallo, da idon da ya saba da wani abu, da shekarunsa, da allon da ke gabansa, da abin da ya kwana da shi a rai.

Masu sana'ar sun gano haka tun da wuri. Wajen shekarar 1920 wani malamin fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar wani jarumi wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da hotuna daban-daban: sau ɗaya da kwanon abinci, sau ɗaya da gawa a cikin akwati, sau ɗaya da mace. Masu kallo suka ga yunwa a fuskar, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce ba ta canza ba. Su ne suka zuba mata ma'ana. Duk editan da ya san aikinsa da wannan yake cin abinci. Na sha ɗauko sakan biyu na fuskar jarumi lokacin da yake jiran darakta ya ba da umarni, ba ya wasan komai, na sa ta bayan wata magana mai zafi, mutane su ce kai, dubi yadda ya iya nuna ciwo. Rabin aikin fim mai kallo ne yake yin sa.

Tsohon fim da wani harshe yake magana

Idonka ya tashi ne a kan wani irin gudu. Masanin fim David Bordwell ya nuna cewa tsakanin 1930 da 1960 yawancin fina-finan Amurka kan bar hoto ɗaya a allo na sakan 8 zuwa 11 kafin a yanka zuwa wani. Fina-finan faɗa na zamaninmu sukan yanka duk bayan sakan 2 zuwa 4. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Sabon fim yana kama ka da hannu: ga fuska kusa, ga hannu, ga wuƙa, ga ido, ga kiɗa yana gaya maka abin da za ka ji. Tsohon fim kuwa sau da yawa yakan ajiye kyamara ya bar mutum uku ko huɗu a cikin hoto ɗaya, ya bar maka aikin zaɓar inda za ka duba. Wanda bai saba ba sai ya zauna yana jiran a nuna masa, fim ɗin kuma yana jiran ya duba da kansa. A tsakanin jiran nan biyu barci yake shigowa.

Ga kuma wasan 'yan wasa. Sauti bai shigo fim sosai ba sai daga 1927, kuma da yawa daga jaruman shekarun da suka biyo baya daga dandalin wasan kwaikwayo suka fito, inda dole ka ɗaga murya ka buɗe hannu don na kujerar baya ya gane. Irin wasan nan na ƙasa-ƙasa, mai kama da yadda mutane ke magana a gida, sai wajen 1950 ya fara yaɗuwa a Amurka, da fitowar irin su Marlon Brando. Idan ka ga jarumar 1940 tana magana kamar mai karanta waƙa, ba rashin iyawa ba ne, salon lokacin ke nan, kamar yadda jikokinmu za su ga namu salon su yi mamaki.

Sai babban abin da ya cuce ka: waya. Bari in ɗauki fim ɗin da ka ambata. Orson Welles ya fitar da Citizen Kane a 1941 yana ɗan shekara 25, tare da mai ɗaukar hoto Gregg Toland, wanda ya ƙware wajen sa abin da ke kusa da kyamara da abin da ke can nesa su fito tas a lokaci guda. Akwai wata fitowa a farko-farkon fim ɗin. Uwa tana zaune a gaba tana sa hannu a takardar da za ta miƙa ɗanta ga wani ma'aikacin banki ya rene shi. Uban yana tsaye a gefe yana ƙorafin da ba wanda ke saurara. Can baya, ta cikin taga, ana hango yaron yana wasa a cikin ƙanƙara, bai san ana yanke rayuwarsa ba. Duk ciwon fitowar yana cikin wannan 'yar tagar. A allon silima yaron yana da girman da ido ba zai tsallake shi ba. A wayarka bai kai ƙwayar gero ba. Ka ga mutane uku suna maganar takarda, ka rasa yaron, kuma wanda ya rasa yaron ya rasa dalilin da ya sa dattijon da ke mutuwa a farkon fim ɗin, wanda shi ne yaron nan bayan ya tsufa, yake kiran abin da yake kira. To me zai hana barci?

Akwai wata asarar kuma da ba laifin kowa ba ce. Abubuwan da suka ba mutanen 1941 mamaki, kamar ba da labarin mutum ta bakin waɗanda suka san shi, kowa da nasa ɓangaren, ana gaba ana komawa baya, an kwaikwaye su har sun zama ruwan dare. Ka ga jikokin kafin ka ga kakan, shi ya sa da ka gan shi sai fuskarsa ta yi maka kama da wadda ka sani. Haka abin yake da Seven Samurai na Akira Kurosawa na 1954. Labarin tara jarumai ɗaya bayan ɗaya don su kare raunana an sake shi a Amurka a 1960 da sunan The Magnificent Seven, kuma inuwarsa tana cikin Sholay na Indiya na 1975 da wasu da ba su ƙirguwa.

Su masu yabon fa?

Ba ƙarya suke yi ba, amma maganarsu ba wahayi ba ce. Laƙabin "mafi girma" da ka ji ya samo asali ne musamman daga ƙuri'ar da mujallar Sight and Sound ta Birtaniya take yi tsakanin masu sharhi duk bayan shekara 10 tun 1952. Citizen Kane ya riƙe matsayi na ɗaya daga 1962 har 2002. A 2012 Vertigo na Alfred Hitchcock ya ture shi, fim ɗin da ra'ayin masu sharhi ya rabu a kansa lokacin da ya fito a 1958. A 2022 kuma aka ɗora Jeanne Dielman na Chantal Akerman, fim na 1975 mai tsawon sama da awa uku, wanda yawancinsa mace ce take aikin gida. Fina-finan ba su canza ba ko da sakan ɗaya. Masu jefa ƙuri'ar ne suka canza, aka ƙara yawansu, aka shigo da mutanen da a da ba a tambayar su.

Kuma kada ka yarda da mai ce maka fina-finan da sun fi na yanzu. Abin da ya iso gare mu tankaɗaɗɗe ne. A kowace shekara ta wancan zamani an yi ɗaruruwan fina-finai marasa daɗi da aka manta, wasu ma sun ɓace ɗungurum. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun salwanta. Alam Ara na 1931, fim mai magana na farko a Indiya, babu kwafinsa a yau. In ka ɗauki fitattu goma na shekara hamsin ka gwada su da duk abin da ya fito a watan jiya, ba ka yi wa watan jiya adalci ba. A cikin na yanzu ma akwai waɗanda za su zauna. Parasite na Koriya ta Kudu, wanda a 2020 ya zama fim na farko da ba da Ingilishi aka yi shi ba da ya ci babbar kyautar Oscar, ina ganin jikokinmu za su kalle shi, kuma wataƙila wani a cikinsu ya yi barci.

Hawayen da ka zubar

Mai sharhi yana kallon fina-finai ɗaruruwa a shekara. Abin da ka gani sau biyar a rayuwarka shi ya gan shi sau biyar a wannan watan. Idan uwa ta kwanta ciwo a minti na saba'in kuma goge ya fara kuka a ƙarƙashi, shi dabara yake gani, kai uwa kake gani. Ba wanda ya yi kuskure a cikinku. Masu sharhi sun yi wa Sholay sanyi a makonninsa na farko, sai masu kallo suka riƙe shi a wani gidan silima na Bombay har shekara biyar.

Sai dai zan faɗa maka abin da na sani daga cikin ɗakin aiki: fitar da hawaye ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Na san inda ake sa kiɗa, na san sakan nawa ake riƙe fuska kafin maƙogwaron mai kallo ya cika. Na taɓa cire kiɗan wata fitowa gaba ɗaya na nuna wa ɗalibai, ba wanda ya motsa, na mayar da shi na nuna wa wani ajin, wasu suka sunkuyar da kai. Saboda haka hawaye shaida ne cewa wani abu ya taɓa ka, amma ba su faɗin mene ne. Wani lokacin gwanintar fim ɗin ce. Wani lokacin kuma fim ɗin ya taka wani miki ne da ka zo da shi, ko da a makance ya taka.

Gwajin da nake yi wa kaina shi ne kwana uku. In bayan kwana uku akwai wata fuska ko wata magana ko wani shiru daga fim ɗin da ke dawo mini ina tsakiyar wani aiki, to ya bar wani abu. In kuwa na tuna na yi kuka amma na kasa tuna abin da ya sa, to an matsa mini wani maɓalli ne aka saki. Dukansu biyun halal ne a kalla, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Ka yi wa naka fim ɗin wannan gwaji. Idan ya ci, ka tsaya a kansa ko duk masu sharhin duniya sun ƙi shi, kuma ka iya faɗin dalili.

Fim ɗin yarinta

Wannan ce ta fi kusa da zuciyata. Abin da ka riƙe shekara da shekaru ba fim ɗin ba ne kaɗai. Ka riƙe shi haɗe da wanda ke zaune kusa da kai ranar, da tsoron da ka ji karo na farko, da ƙanƙantar duniyarka a lokacin. Ƙwaƙwalwa kuma edita ce da ta fi mu duka iya aiki: ta yanke wuraren da suka yi tsawo, ta gyara dabarun da suka tsufa, ta bar maka fitowa biyar masu haske. Da ka koma sai ka tarar da sauran minti ɗari da ta ɓoye maka. Ba ka yi asarar komai ba. Fim ɗin ya yi aikinsa a kan yaron da ka kasance, kuma aikin yana nan a jikinka.

Abin yana tafiya ta ɗaya hannun ma, kuma shi ya sa ba na son ka rufe ƙofa a kan tsofaffin nan. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai na kalli Tokyo Story na Yasujiro Ozu, fim ɗin Japan na 1953. Tsoho da tsohuwa sun taso daga garinsu sun je birnin Tokyo ganin 'ya'yansu. 'Ya'yan ba mugaye ba ne, aiki ne ya yi musu yawa, kowa yana neman yadda zai tura iyayen wurin wani. Wadda ta ba su lokacinta ita ce matar ɗansu da ya rasu a yaƙi. Suka koma gida, uwar ta kwanta, ta cika. Kyamarar tana ƙasa, daidai idon wanda ke zaune a tabarma, kuma da ƙyar take motsi. Na kalle shi har ƙarshe saboda an ce in kalla, na fahimci tsarinsa, na rubuta abin da ake so in rubuta, amma ban ji komai ba.

Bayan kusan shekara ashirin na sake kunna shi don in shirya darasi, watanni kaɗan bayan rasuwar mahaifina. A shekarunsa na ƙarshe sau da yawa yakan kira ni in ce masa ina cikin aiki, zan kira anjima. Da aka zo inda tsofaffin nan biyu suke zaune su kaɗai suna lallashin juna cewa ai 'ya'yan nasu sun fi na wasu, sai na tsayar da fim ɗin, na daɗe ban iya ci gaba ba. A kallon farko ina neman wanda zan tausaya wa ne ban samu ba. A na biyu na gane ni ne ɗan da aiki ya yi wa yawa. Ozu bai sa kiɗa ya matsa mini ba, bai kawo kyamara kusa da hawayen kowa ba. Ya ajiye abin ne kawai ya jira, ni kuma sai da rayuwa ta kawo ni wurin.

Yadda za ka sake gwadawa

In kana so ka ba tsofaffin dama, fara da gyara wurin kallo. Nemi allo mafi girma da za ka iya samu, ka kashe fitila, ka ajiye waya a wani ɗakin, kuma kada ka fara bayan ka gaji. Nemi kwafin da aka gyara, domin yawancin abin da ke yawo a intanet dusasshe ne, an yanke gefensa, sautin ya shaƙe. Baƙi da fari mai kyau yana da zurfi kamar zane, marar kyau kuwa toka ce kawai. In talabijin ɗinka na zamani ne, shiga saitinsa ka kashe abin nan da ke santsar da motsi, domin fim hoto 24 ake ɗauka a sakan, shi kuma yana cusa wasu na ƙarya a tsakani har komai ya koma kamar shirin labarai.

Kada kuma ka fara da dutse mafi tsawo. Bicycle Thieves na Italiya, na 1948, kusan awa ɗaya da rabi ne: an sace wa talaka keken da aikinsa ya dogara da shi, shi da ƙaramin ɗansa suna yawon nema a birnin Rum. Wanda ya fito a uban ba jarumi ba ne, ma'aikacin masana'anta ne. Shi nake fara nuna wa ɗalibai, kuma da wuya a tashi ba a yi shiru ba. Ko 12 Angry Men na 1957, mutum goma sha biyu a ɗaki ɗaya suna gardamar ran wani yaro. Ka ba kowanne minti ashirin na farko ba tare da ka yanke hukunci ba, domin kusan haka ido yake ɗauka kafin ya sauka zuwa gudun fim ɗin. Bayan ka gama, rubuta layi uku kafin ka karanta ra'ayin kowa: inda hankalinka ya tafi, inda ya dawo, da hoton da ya rage maka.

Duk da haka ba zan yi maka alkawarin kowanne zai buɗe ba. Ni kaina ina girmama Vertigo, ina iya tsayawa gaban aji in nuna gwanintar da ke cikinsa fitowa bayan fitowa, amma har yau bai taɓa shiga raina ba, kuma na daina tilasta masa. "An iya aikinsa" magana ce ɗaya, "ina son sa" magana ce dabam, kuma mutum yana iya faɗin ta farko ba tare da ta biyu ba. Wasu tsofaffin kuma suna ɗauke da ƙazantar zamaninsu. The Birth of a Nation na 1915 ana koyar da shi saboda dabarunsa, amma fim ne da ya wulaƙanta baƙar fata ya ɗaukaka masu kashe su. In ranka ya ƙi irin wannan, ranka ya yi daidai, kuma babu darasin dabara da ya isa ya goge hakan.

Shi kuwa Citizen Kane, kada ka sake ɗaukar sa gaba ɗaya tukuna. Nemi babban allo ka kalli fitowar tagar nan ita kaɗai, sau biyu. A karo na farko ka bi yaron da ido, kada ka kula da masu magana. A na biyu ka lura da wanda ya je ya rufe tagar muryar yaron ta ɗauke, da wadda ta tashi bayan ta sa hannu ta je ta buɗe ta, da yadda fuskarta take lokacin da ta kira sunansa. In ka gama ka rubuto mini abin da ka gani.